Sai Ya Huce

Shekara goma sha tara ina taɓa babur ɗin mutumin nan, har na fi sanin cikin injinsa a kan cikin ɗakina. Ni bakanike ne, rumfata tana bakin titi tsakanin mai faci da mai walda, kuma ba zan ɓoye ba, na gaji da masu babur. Yawancinsu ba sa tuna akwai baƙin mai a inji sai ranar da ya buga, sannan su turo min shi suna huci kamar ni na buga shi. Mutum ɗaya na ware a cikinsu, wanda ake ce wa Sai-ya-huce.

Aikinsa rarraba magani. Wani babban shagon sari ne ke ɗaura masa kwalaye a bayan babur, shi kuma ya bi ƙananan shagunan magani yana saukewa, tun safe har yamma. Dogo ne siriri, ya girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma ya ce min Injiniya don tsokana. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa uku kowa ya kama gabansa. A gida babu mai yi masa magana sai rediyo. Ya taɓa ce min duk ranar da ya tashi babu kwalin da ke jiransa, bai san dalilin da zai sa ya ɗaura takalmi ba. Na yi dariya a lokacin, ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Sunan nan ya samo shi ne a lokacin zafi. Injin babur irin nasa ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, idan kuwa rana ta take baƙin mai yakan tsinke ya koma kamar ruwan shayi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Shi Yaya ya san wannan fiye da wasu bakanikai. Kullum yana da tsohon buroshin haƙori a aljihu, da shi yake fitar da laka daga tsagogin jikin inji don iska ta ratsa. In ya shiga cunkoso kashe inji yake yi, ba ya tsayawa yana murza totur kamar sauran. Juyen baƙin mai kuwa ba ya bari ya wuce lokaci, zai zo ya lakaci man ya murza tsakanin yatsu biyu ya ce, “Injiniya, wannan ya mutu.” Da tsakar rana sai ya nemi inuwa ya kafe babur. Duk wanda ya ce masa, “Malam, ba za ka tafi ba?” amsa ɗaya ce: “Sai ya huce.”

Wata rana ya ga wani ɗan acaba yana kwara wa injinsa ruwan sanyi yana tururi. Ya tsallaka titi ya riƙe masa hannu. Saura kaɗan su yi dambe, a kan babur ɗin da ba nasa ba.

Tsayawar tasa minti goma ce a da, kuma minti goma ta ishi inji, ni shaida ne. Sai bara na lura ta koma ashirin. Bana da zafi ya shigo ta kai arba'in, kuma yawanci a bencina yake yin ta, ya tuɓe hular kwano ya jingina kai da ginshiƙin rumfa, ido a rufe. Na gani, amma ganin bakanike na yi masa. Na ce a raina babur ya tsufa, dole ya riƙa daɗewa bai huce ba.

Manajan shagonsu bai ga haka ba. Yaro ne sabon zuwa mai yawan duba agogo, ya ce masu saye suna ƙorafi kayan rana ba sa isa da wuri. Ya fito fili ya ce in Yaya ba zai iya zagayen tsakar rana ba, akwai matasa a layi suna jiran aikin. Yaya ya ce shi lafiyarsa lau, inji ne ba ya son zafi, in ba a yarda ba a tambayi bakanikensa. Aka kira ni a waya, na ce ƙwarai haka ne. Ban yi ƙarya ba, iyakar abin da na sani ke nan.

Bayan kwana biyu sai ga babbar 'yarsa, malamar makaranta, ta zo rumfata tana ɗage zani kada ya taɓa baƙin mai.

“Kawu, ina wuni. Wai babu abin da za a yi wa babur ɗin nan ne? Za su raba Baba da aikinsa a kan inji, kuma ka san in ya zauna a gida ba za mu daɗe da shi ba.”

“Akwai mana,” na ce, har da gyara tsayuwa. “Akwai ɗan ƙaramin lagireto da ake ɗaurawa a gaba, man ya riƙa bi ta ciki iska tana fifita shi. In na sa masa, ko garwashi ake zubowa daga sama ba zai tsaya ba.”

Ta ce a sa, kada a gaya masa, so take ya gani ya ji daɗi. Ranar da ya kawo babur juyen mai na ce ya je ya dawo. Na yini ina lanƙwasa bututu, ina ɗaurewa, ina gwadawa ko yana ɗiga. Aiki ya yi kyau, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙwauron yabo ba. Da ya dawo, mai faci da mai walda da 'yan acaba biyu suna tsaye suna kallo, sai bakina ya ɗebe ni.

“Yaya, daga yau an canza maka suna. Babu sauran sai ya huce! Je ka gaya wa manajanku babur ya warke.”

Kowa ya yi dariya. Shi ma ya ɗan yi, ya tsuguna ya shafa lagireton, ya daɗe yana shafawa. Da na gaya masa kyautar 'yarsa ce, ya ce Allah ya yi wa yarinyar albarka. Ya buga kik ya tafi. Manaja kuwa ba sai Yaya ya gaya masa ba, 'yar ta riga ta kira shi da murnarta.

Kwana huɗu ban gan shi a benci ba. Yana wucewa da kwalaye a tsakiyar rana, ya danna min hon, ni kuma in ɗaga masa sifana ina jin kaina. A na biyar, bayan azahar, na hango shi yana turo babur ɗin da ƙafa daga nesa. Na ce a raina shi ke nan bututu ya fashe, mutuncina ya zube. Na tare shi da gudu, ban ko dubi fuskarsa ba, inji na fara taɓawa. Ɗumi ne kawai irin na lafiya. Na zaro gejin awon mai, mai ya cika, ga shi da kaurinsa. Sannan na ɗaga kai. Leɓensa ya yi fari, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na zaunar da shi, na ba shi ruwa. Sai da ya sha ya huta sannan ya yi magana, a hankali, kada mai faci ya ji.

“Injiniya, ka cuce ni da alheri. Shekara biyu babur ɗin nan yana rufa min asiri. Shi minti goma yake so, sauran talatin ɗin nawa ne. In rana ta yi tsaka idona rufewa yake yi, titi ya koma biyu.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni da nake gane ciwon inji daga ƙararsa tun kafin ya iso, mutum ya shekara biyu a bencina ban gane nasa ba. Na ce masa abin ai mai sauƙi ne, yanzu zan kwance lagireton, in kira manaja in ce bai yi aiki ba, babur yana nan da halinsa. Har na ɗauki sifana.

“Ajiye,” ya ce. “Ɗazu a kwanar asibiti wata mata ta tsallaka da goyo. Ban gan ta ba sai da ta wuce. Tun can nake turo shi. Magani nake kaiwa, Injiniya, ba zan zama dalilin da za a saya wa ɗan wani ba.”

Ya sa na kira manajan a wayarsa, ya gaya masa da bakinsa a turo wanda zai kwashi sauran kwalayen. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada yarinyar ta san kyautarta ce ta tona shi. Har yau ban gaya mata ba, ita tana ganin likita ne ya hana shi hawa.

Babur ɗin yana nan a bayan rumfata, ya ce ba ya son ganinsa a tsakar gida. An sha taya shi, ya ƙi sayarwa. Shi kansa yakan zo wani lokaci, a ƙafa, ya zauna a bencin da buroshinsa a aljihu. Ya rame. 'Yan acaba na shigowa inji na ƙauri, ya ce su ɗan dakata, babu mai sauraronsa.

Jiya da tsakar rana na gan shi ya tashi ya zagaya baya. Ya ɗage ledar da na rufe babur ɗin, ya ɗora tafin hannu a jikin inji kamar yadda ya saba yi kafin ya hau. Ƙarfen ya yi wata uku bai ɗau zafi ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da ledar, ya dawo ya zauna kusa da ni.

“Ya huce,” ya ce.

Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke fulogin da ke hannuna, wanda na riga na wanke tun ɗazu.