'Yan Bokon Ƙanƙara

A unguwar Sri Petaling, can ƙasar masu Malayanci, na yi takaba, daga ni sai 'yata mai shekara biyar da fankar da ke juyawa a sama. Babur ne ya yi ajalin mijina a hanyarsa ta dawowa daga jami'a, ana tsuga ruwa. Mutumin da ya je ƙarshen duniya ya dawo lafiya lau, sai ga shi kwana ya ƙare a kwaltar da yake bi kullum. Ban yi kuka ba. Matan ɗalibai 'yan uwanmu suna kawo abinci suna cewa, "Kai, baiwar Allah nan akwai tawakkali!" Tawakkalin me? Ni dai ban ji komai ba ne. Ko shinkafar da suke yo mana tapau, wato a ƙunso a kawo gida, daga shagon abincin da ake kira mamak, taunawa kawai nake yi.

Digirinsa na uku a kan ƙananan tsirran cikin teku yake yi, shi ya sa malaminsa ya tafi da shi Antaktika a wani jirgin ruwa da ke kwasar 'yan yawon buɗe ido da masu bincike. Ya cika wayarsa da bidiyo, yana ɗauka yana surutu da Hausa. Da ya dawo ya sha cewa in zo mu kalla, ni kuwa rubutun nawa digirin ya sha mini kai. A takaba na samu lokaci.

Abin da nake so ɗaya ne, yarinyar nan ta riƙe muryar ubanta. A nan aka haife ta. In na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ko da Malayancin makarantarsu. Da yana raye, in na yi mita sai ya ce, "Rabu da ita, muna komawa gida za ta iya." Don haka kullum bayan la'asar sai in zaunar da ita kan cinyata in kunna.

Farin wurin har idona yake kashewa. Duwatsun ƙanƙara suna yawo a ruwa, wani ya fi ginin da muke ciki tsayi, gindinsu shuɗi shar kamar an jiƙa bula. Babu bishiya, babu ciyawa, rana ma ba ta faɗuwa. Sai iska tana buga wayar, shi kuma yana magana haƙoransa na karo.

Dabbobin wurin bai san sunansu da Hausa ba, sai ya raɗa musu. Tsuntsayen nan masu baƙin baya da farin ƙirji, masu tafiya a tsaye suna rangaji, su ne 'yan boko. "Ga su nan, an zuba kwat za a ofis, amma ba takalmi," in ji shi. "Wallahi in kin ji warinsu sai kin bar cin kifi." Ɗaya ya saci tsakuwa daga sheƙar maƙwabcinsa, mijina ya ce wannan babban sakatare ne. Wasu ƙattin dabbobi masu gashin baki suna kwance male-male kan ƙanƙara, ya ce ayu ne da ya samu hutu. Da wani ƙaton kifi ya fesa ruwa sama ya ɗaga jela kusa da ƙaramin kwalekwalensu, salati ya saki, ya ce, "Na Annabi Yunus ne, na rantse!"

Ni ina kallo kamar labaran wata ƙasa. Na san abin dariya ne, dariyar ce babu. Ita kuwa tana tsalle tana nuna tsuntsayen, har na sa rai maganar tana shigarta.

Wata rana muka kai kan wani da ban taɓa buɗewa ba. Ya juyo da wayar yana kallonmu, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, bayansa wani ɗan boko ya sunkuya yana ɗura wa ɗansa abinci a baki. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, don haka uwata yake ce mata.

"Uwata, kin ga wannan? Tun safe yake ninƙaya a ruwan sanyi don ya kawo wa ɗansa. Ni ma don ke nake shan wannan sanyin. Ki yi wa Ummi biyayya, kin ji? Allah ya yi miki albarka."

Ta ƙura masa ido. Sai ta sa yatsa tana dangwalar ƙasan wayar, ta dangwala, ta sake dangwalawa. Na ce, "Ke, me kike nema?"

Da Turanci ta amsa. Wai in kunna mata rubutun nan da ke fitowa a ƙasa, irin na katun, don ta san abin da Abba yake cewa.

Na ce mata wannan ba shi da rubutu. Ta ce to in faɗa mata.

Na mayar da shi farko, ina tsayarwa ina juya mata da Turanci, jimla bayan jimla. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na juya ninƙaya, na juya sanyi, na juya biyayya. Da na zo kan albarkar sai na kasa. Kalmomin na san su, amma ba na so ta karɓi albarkar ubanta daga bakina. Na sake kunna wurin, na kama haɓarta na ce, "Wannan ba a fassara shi. Amin ake cewa."

Ta dubi ubanta ta ce amin, sannan ta juyo ta tambaye ni me ya ce. A nan kukan ya zo mini.