Koren Haɓar Chaudhry Dilawar

Shekara talatin Ustad Fazal Din ya yi yana zana manyan allunan silima a Gujranwala. Da silima ta mutu, abokan sana'arsa suka koma tura amalanke, shi kuwa yana da shekara hamsin da biyar ya zauna ya koyi zane a kwamfuta a shagonmu. Shi ke zanawa, ni Shaukat nake bugawa da inji.

Mutum ne mai baƙar zuciya, kusan kowa a layinmu ya sha zaginsa. Abin da ya fi tsana shi ne a sa baƙin launi a inuwar fuska. Ya ce baƙi dauɗa ne, aikin ragwaye. Jarumi ana yi masa inuwa da shuɗi gauraye da ja, hasken goshi kuma a ɗiga masa rawaya don kada ya fito kamar gawa. Kore na mugu ne kaɗai. Duk wanda ya taso yana kallon allunan nan, ko jahili ne, ya san mai koren haɓa shi ne ɓarawon fim.

Da zaɓe ya matso, Chaudhry Dilawar, mai motocin haya da 'yan daba, ya aiko a yi masa hoto mai tsawon bene uku. Kwana biyu Ustad yana kan fuskar nan, ta fito kamar ta yi magana. Ni kuma ranar bugawa na ga jar tawada ta kusa ƙarewa a inji, na ce ai za ta kai. Ba ta kai ba. Idan ja ya janye daga fuska, abin da ke saura kore ne. Ban duba ba na naɗe, aka ɗauka aka rataya a mahadar kasuwa.

Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Chaudhry ya fito da koren haɓa. Masu shayi har tafi suke yi.

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofarmu. Jeera, babban ɗan daban Chaudhry, ya shigo da mutum uku. Suka fasa gilashin kwamfuta da bakin bindiga, sannan Jeera ya shaƙo wuyana ya buga kaina da inji har haƙorina ya fita. Suka ja ni bakin ƙofa, suka shimfiɗa hannuna na dama a ƙasa daidai inda ƙofar ƙarfe ke sauka.

"Kai ka buga, ko?" in ji Jeera. "Yau za ka buga na ƙarshe."

Ina da 'ya'ya huɗu. Na buɗe baki, jini kawai ya fito.

"Kai jakin banza, sake shi!" Ustad ne, ko tashi daga kujera bai yi ba. "Wannan wawan ya san launi ne? Inji abin da aka ba shi yake amayarwa. Ni na sa kore."

"Ustad, kai dattijo ne, kada ka jawo wa kanka," in ji Jeera.

"Shekara talatin ina zana ɓarayi, zan ga ɗaya in kasa gane shi? Je ka gaya wa ubangidanka kyau ma na ƙara masa."

Suka wurgar da ni gefe, suka jawo Ustad bakin ƙofar. Sau uku suka sauke ƙofar nan a kan yatsunsa, ina jin ƙarar ƙashi kamar ana karya rake. Bai yi ihu ba, zaginsu kawai yake yi har ya suma. Ni kuwa ina kwance ina kallo, kuma wallahi ban ce uffan ba. Wannan kunyar da ita zan shiga kabari.

Bai sake riƙe alƙalami ba. Ya gwada da hagu, ya ga layin yana rawa, ya jefar. Wata biyu na yi ina kewaye unguwarsu kafin na iya shiga gidansa da ledar lemo. Na same shi a kan gadon igiya, matarsa tana ba shi faten wake a baki. Na durƙusa na fara magana, ya katse ni.

"Rufe min baki, Shaukat. Tun ranar da ka kunna injin na ji ƙarar bututun jar tawada, na san ta kusa ƙarewa. Na yi niyyar gaya maka, shayi ya ɗauke min hankali."

Ƙarya yake yi. Ranar ma bai zo shago ba, yana wajen jana'izar ƙanwarsa a Wazirabad.