Saƙon Da Ya Ɓata Hanya

Na shekara da yawa ina koyar da Turanci a wata sakandare a Fadan Kaje, kuma akwai kalma ɗaya da ɗalibai suka sha ba ni wahala a kanta: reluctant. Duk wanda na tambaya sai ya ce ma'anarta ƙi. Ni kuwa in ce a'a, wanda ya ƙi ya zauna abinsa, magana ta ƙare. Wannan kuwa zai tashi ya tafi, amma zuciyarsa ba ta so, yana tafiya yana waiwaye. Su rubuta a littafi, ran jarrabawa su sake cewa ƙi.

Bayan na yi ritaya muka koma Kagoma da maigidana. Da ya rasu, na rage ni kaɗai a gida mai ɗaki huɗu. Ɗana da ke aiki a Kafanchan ya dage in koma wurinsa. Kullum ina da dalili: bari a haƙe doya, bari a gama girbin dawa, bari Kirsimeti ta wuce.

Wata safiya ina shara wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga ɗana, amma ƙanwarsa ya yi niyyar tura wa. Da Turanci ya rubuta, yana cewa ya sake yi mini magana, har yanzu dai Mama reluctant take. Na zauna a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, na karanta har sau uku, sannan na kira shi.

"Saƙonka ya ɓata hanya," na ce.

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi, kuma ka yi amfani da kalmar daidai. Ban ce ba zan zo ba. Ka turo mota ran Asabar."

Doyar da ta rage na raba wa maƙwabta. Kaji na bar wa matar ƙanen maigidana. Na kulle gida, na buɗe na sake shiga wai na manta Littafi Mai Tsarki, alhali yana cikin jakata. Sannan na fito na shiga motar.

A Kafanchan an ba ni ɗaki mai kyau, har da fanka. Babu wanda ya taɓa ɓata mini rai. Sai dai da ƙarfe bakwai ɗana da matarsa sun fita aiki, jikoki sun tafi makaranta, gida ya yi tsit har yamma. In sun dawo, Turanci da broka suke yi. In na yi musu yarenmu sai su yi dariya su ce, "Kaka, me kika ce?" A majami'a ma ba wanda ya san ni, a bencin baya nake zama.

Daga baya na gano wasu mata daga wajenmu suna kawo citta kasuwa. Yanzu duk mako nakan hau acaɓa in je. In gaishe su da yarenmu, in tambayi wa ya haihu, wa ya rasu, ko an yi ruwa. In masu saye sun taru sai in matsa gefe, in sayi citta kaɗan in dawo. Matar ɗana ta ce cittar ta yi mana yawa a kicin. Na ce ta ajiye, za a sha shayi da ita.