Masarar Baba da wayar bakina

Na san na daɗe ban leƙo nan ba. Masu turo saƙo kuna tambaya ko lafiya, ku yafe mini. Ba lafiya ba, kuma bakin da zan yi muku bayani da shi ne ya kwantar da ni.

Waɗanda muka yi makaranta tare kun san haƙorana. Na sama sun turo gaba, na ƙasa suna sukar dasashina in ina tauna, wani lokaci har jini. Tun ina yarinya nake kare baki da gefen mayafi in zan yi dariya. Yanzu ina koyarwa a firamare a nan Keffi, yara kuwa ba su iya rufa asiri ba. Sai na shiga adashi, da na kwasa na je aka sa mini wayar gyaran haƙori.

Baba bai so ba ko kaɗan. Ya ce haƙorin da Allah ya dasa ba a ja masa waya kamar shingen gona. Da Inna ta sa baki ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da abin nan ya cutar da ni, ranar za a cire shi.

Makon farko, wallahi ko burodi na taɓa da haƙori sai hawaye. Ƙarafan suka goge cikin leɓena har ya yi gyambo. Kunu da fate da shayi, su ne abincina. Na rame, amma a gaban Baba kullum garau nake, don na san abin da ke jirana.

Likitata ta gargaɗe ni tun farko: ban da rake, ban da goro, ban da ƙashi, ban da gasasshiyar masara.

To, gidanmu da al'ada. Baba yana noma a Gitata, kuma masarar farko da ta nuna ba ta zuwa kasuwa. Shi da kansa yake gasa ta a tsakar gida, ya miƙa wa kowa da hannunsa, daga babba zuwa ƙarami, ya tsaya yana kallo har ka gutsura. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an mayar masa da hannu ba.

Da ya miƙo mini tawa, Inna ta kalle ni, na kalle ta. In na ƙi, na nuna masa wayar ta raba ni da abincin gidanmu ke nan. Na gutsura.

Sai na ji ƙas.

Ƙarfe ɗaya ya ɓalle, bakin wayar ya fita ya soki cikin kumatuna. Na haɗiye miyau da jini, na ce masa ta bana ta yi zaƙi.

Ranar Juma'a ce da yamma. Na ce bari in lallaɓa zuwa Litinin, na cusa auduga. Inna ta daka kanumfari da 'yar kanwa ta ce in danna a wurin. Abin ya ƙona ni, ramin ya ƙara buɗewa. Kafin Lahadi kumatuna ya kumbura suntum, zazzaɓi ya rufe ni, bakin ya ƙi buɗuwa ko cokali ya shiga.

Asibiti kun san shi. Yankan kati, layi, gwajin jini, hoton muƙamuƙi, ƙarin ruwa, allurai. Ɗan abin da ya rage na adashin duk nan ya tafi. Aka tsaga wurin aka matse mugunya, na yi kuka kamar yaran ajina. Likita ta ce da kumburin ya gangara maƙogwaro, da numfashi muke nema, ba gyaran haƙori ba. Na tsorata sosai.

Baba ya zo, ya tsaya a kaina, ya ce wa likita a cire abin nan yau. Ga ni kwance, ba bakin magana, shekarun da na yi ina jira za su tafi a banza. Likita ta ce masa wayar ba ta ɓallewa haka kawai, sai an ciji abu mai tauri. Ya juyo ya tambaya me na ciza.

Inna ta sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa takalmansa ya fita. Wannan fitar ta fi tsagar nan yi mini ciwo.

Da aka sallame ni, gidan ya yi shiru. Baba bai ce a cire wayar ba, bai ce a bari ba. Yana amsa gaisuwata ya wuce.

Wata safiya ina kurkure baki da ruwan gishiri, sai ga shi da kwano a hannu. Ashe da kansa ya zauna ya kankare ɗanyar masara da wuƙa, Inna ta niƙa ta dama kunu. Ya miƙo mini, ya tsaya yana kallo kamar yadda ya saba.

"Ta Gitata ce," ya ce. "Wannan ba za ta karya miki komai ba. Sha."

Alhamdu lillahi, kumburin ya saɓe, an gyara wayar, na koma aji. Har yanzu duk ranar da aka ƙara ɗaure ta ina kwana biyu a kan kunu. Na gode wa likitata, da Inna, da ku masu addu'a.

Mai shirin sa waya, don Allah ka ji. In ta soke ka, kada ka jira Litinin, kuma kada ka sa kanwa. Ka nemi kakin da ake mannawa a kan ƙarfen, ka wanke baki bayan kowane abinci da buroshi mai laushi. Kuma ka zaunar da mutanen gidanku ka gaya musu abin da ba za ka iya ci ba, tun kafin a miƙo maka.

Baba ya ce masarar baɗi ma ni za a fara dama wa, kafin ya hura wutar gashi.