Ɓerayen da Suka Tuna Hanya

Shekara ashirin da biyu ina gyaran agogo a layi na goma sha biyu a garin Tanga, teburina yana jikin dakalin da wani dattijo, Mzee Kibwana, yake sayar da gahawa. Duk abin da na sani na kimiyya a bakinsa na ji, shi ya sa ilimina ya fito rabi-rabi. Shi kuma a takardar ƙunshi ya samo nasa. Tsofaffin jaridu yake saye buhu guda, matarsa Bi Mwantumu ta yayyanka su daidai tafin hannu don ƙunshe kashata, alewar gyaɗar da take yi masa a gida. Ba ya ƙunshe wa kowa sai ya karanta abin da ke jikin takardar, ko da jirgi zai tsere wa mai sayen. Siyasa da ƙwallo ba ya kallonsu. Nasa shi ne ɗan gefen nan da ake zuba labaran masanan da suka rasa aikin yi.

Matsalar ita ce almakashin Bi Mwantumu bai san ƙarshen labari ba. Kan labari yana hannunmu, ƙafarsa ta tafi da wani ɗan acaɓa tun jiya. Sai Mzee Kibwana ya ƙarasa da kansa.

Wata safiya ya ɗaga takarda ya ce, "Jama'a, wai a wata ƙasa an sa wa shanu tabarau mai nuna musu ciyawa kore shar, alhali a kan siminti suke tsaye. Wai nono ya ƙaru."

"Ƙarya ce," in ji Shehe Athumani, limamin layinmu, wanda ba ya yarda da komai sai ya sha kofi biyu.

"Ni ba ƙaryar ce ta dame ni ba, Shehe. In saniya tana kawo nono da ciyawar da babu ita, mu da muka yi shekara hamsin muna kiwo a alkawarin 'yan siyasa, ina namu nonon?"

Ranar da ya karanto an shuka nama a cikin kwalba, naman da bai taɓa zama dabba ba, tsare Shehe ya yi da ido. "Ta ina za a yanka shi? Ina wuyan? Wane gefe ne zai fuskanci alƙibla?" Shehe ya ce zai duba littafi, yau shekara shida ke nan yana dubawa. Da aka ce an hango ruwa a wata duniyar, cewa Mzee Kibwana ya yi a tambaye su ko na famfonmu ne, don ya yi wata uku da fita bai dawo ba.

Haka muke, har ranar da muka gutsiri kashata muka ji gishiri zalla. Muka yi ta tsokanar Mzee Kibwana, shi ma ya yi dariya. Bayan wata biyu aka tsinci Bi Mwantumu a tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana jiran mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara talatin da suka wuce. Daga nan dariya ta ƙare. 'Yarsu guda tana aure a Mombasa, ba mai zama da ita a gida, sai ya fara zuwa da ita dakali. Shi ke yin kashatar yanzu, ba daɗi, amma muna saye. Ita kuwa ta zauna tana yanka takarda tana ƙunshewa, don hannunta bai manta komai ba. Sunansa ne ya fara kuɓuce mata, yau ta tuna, gobe ta kalle shi kallon baƙo, bayan shekara arba'in da ɗaya suna cin abinci a faranti guda.

Wata Laraba ya ɗauki takarda, ya karanta a zuci, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini. "Shomari, idonka ya fi nawa. Karanta."

Wai masana sun dawo wa wasu ɓeraye da abin da suka manta, har sun gane hanyar da suka taɓa bi. Layin ƙarshe ya ce ana sa ran nan gaba mutane ma za su, daga nan almakashi ya ratsa.

Muka zazzage buhun jaridar gaba ɗaya a ƙasa, har Shehe ya durƙusa da farar rigarsa, ba mu ga ɗaya rabin ba. Na sa madubin gyaran agogona na bi gefen takardar ko zan ga kwanan wata, babu. Dukkanmu mun san jaridun buhu tsofaffi ne, amma ba mu taɓa damuwa ba, don tabaran saniya ba ya tsufa. Ran nan kuwa kowa ya san abin da ya kamata ya faɗa, kowa ya yi gum. Ni ma ban faɗa ba, kuma har yau ina jin kunyar haka.

Washegari Mzee Kibwana bai hura gawayi ba. Ya sa sabuwar hula, ya riƙo hannun matarsa, na raka su asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yarsa ba. Ta karanta takardar, ta daɗe tana duba wayarta, sannan ta ce, "Mzee, labarin nan ya kai shekara takwas. Kuma ɓeraye ne."

"To a shekara takwas ba su gama da ɓeraye sun iso kanmu ba?"

"Har yanzu suna kan ɓerayen."

Ya jinjina kai. "Shi ɓera me zai tuna, 'yata? Inda ya ɓoye gyaɗata?"

Ya jira a yi dariya, ba wanda ya iya. Ni dai raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa. Agogo in ya tsaya na san inda zan sa hannu. A nan ba abin da na iya sai riƙe wa Bi Mwantumu takalminta.

Bai yar da takardar ba, a cikin hularsa ya ajiye ta. Ya ci gaba da karanta mana labarai, amma ya daina ƙarasa su, inda almakashi ya tsaya nan yake tsayawa.

Juma'ar da ta wuce ya cire hular zai yi alwalar la'asar, takardar ta faɗo. Kafin in miƙa hannu Bi Mwantumu ta ɗauka. Ta ɗora kashata biyu a kai, ta naɗe tsaf, ta murɗe bakin kamar yadda ta saba. Da ya dawo ta miƙa masa tana murmushi.

"Ungo, mai gahawa. Na ga kana da kirki. Kai wa matarka."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, mai ya riga ya jiƙe rubutun.

"Na gode, Bi," in ji shi. "Wallahi za ta ji daɗi."