Ƙullin da Ɗan Gari Kaɗai Ya Sani

A ƙofar wani shago a kasuwar Al Sabkha, Mahfuza tana kallon dattijon da ke ɗaure mata kaya. Dogo ne, hannunsa duk kanta irin ta matuƙan kwalekwale. Yana gama ƙulla igiyar sai ya zuba wa ƙullin ido, ya warware shi da fushi.

"Baba, lafiya?"

"A tsibirinmu na Tafkin Chadi, da wannan ƙullin muke alamta hanya cikin ciyawar ruwa. Ɗan gari kaɗai ya san shi. Amma 'yan bindiga suka iso mana ba tare da sun ɓata ba."

Yadda yake cije leɓe, Mahfuza ta tabbata ya san mutumin da ya nuna musu hanyar, wataƙila ma kwanonsu ɗaya.

Ya jefar da igiyar, ya jawo salatif.