Reshen da Na Gitta a Mararraba

Laifina ne, ba na kowa ba. Ni na sa abokina ya rasa ƙafarsa, ni kuma na tsaya a gaban matarsa na ce shi ya ja wa kansa. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan ƙarya, ina shiga coci da ita duk Lahadi, har ana ba ni karatu a gaban jama'a.

Malam nake kiransa. Shi kuma Sarkin Dutse yake ce mini, don ni ɗan tsaunukan kudu ne, kuma bakina ba ya gajiya da labarinsu. A wani kamfani muka haɗu a Kudenda, cikin Kaduna, tun muna samari, injina kusa da nasa. Da aka sallame mu, na kama sayar da katako a Romi, shi ya koma ɗinkin da ya gada, ya buɗe shago a Makera da kekensa na ƙafa. Ko a shekarun da gari ya rikice, kowa ya tattara ya koma unguwar 'yan addininsa, mu ba mu daina zuwa gidan juna ba. 'Ya'yansa Baban Romi suke kirana.

Likita ne ya jawo mana tafiyar ƙasa. Ya gaya wa Malam suga ya fara hawa, ya rage zaman keke ya riƙa motsa jiki. Sai muka mai da ita al'ada. Duk Asabar da safe yakan shigo bas ya sauka a Romi, mu bi bakin kogi ta cikin lambuna da gonakin masara, mu ɓulla ta bayan Gonin Gora, mu sha kunu a bakin titi, kowa ya kama gabansa. Shi yana jin daɗinta ƙwarai. Ni kuwa kullum sai na raina ta.

"Wannan ai ba tafiya ba ce, Malam, zagayen kasuwa ne. Ka zo garinmu ka ga dutse."

"To Sarkin Dutse, kai mu masarautar mana mu gani. Ko a baki kawai take?"

A ƙarshen damina muka tafi. Muka sauka a gidan yayana, wanda bai taɓa barin ƙauyen ba. Da safe muna ɗaura takalma ya dube ni ya ce, "Ka tuna hanya kuwa? Yaushe rabonka da hawa? Bari in raka ku."

Na ce ba ma bukata, a kan dutsen nan aka yanke mini cibiya.

Malam ya ce, "Yaya, ƙyale shi. In ya ɓatar da mu, mu dawo mu tuɓe masa rawani, mu naɗa ka."

Yaya ya yi dariya, matarsa ma ta yi daga bakin murhu har tana tari. Wasa ne irin wanda muka saba shekara da shekaru, amma ranar ya zauna mini a ƙirji, don na fi shekara ashirin ban taka hanyar ba, kuma na san haka.

Akwai wata ƙa'ida a wajenmu, na kuma koya wa Malam ita tun a gindin dutsen. In mutane suna hawa a warwatse, na gaba in ya zo mararraba yakan karya ɗanyen reshe ya gitta a bakin hanyar da ba za a bi ba. Na baya in ya ga reshe a gicciye ya san an rufe, sai ya bi buɗaɗɗiyar. Wanda ya gitta reshe kuma, in ya gane ya yi kuskure, dole ya koma da ƙafarsa ya ɗauke, komai nisan da ya yi. Tun muna yara ake zane mu a kan wannan. Malam ya saurara da kyau, har ya maimaita mini.

Hanyar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Muna shiga kurmi rana ta ɓace, sai sanyi da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Mun tsallake ƙorama biyu a kan duwatsu, ruwan garai-garai har kana ganin tsakuwar ƙasa. Birai suna ta tsalle a sama suna zagin mu. A wani wuri itatuwa suka buɗe, muka hango kwari a ƙasa, kogi yana lanƙwasa a cikinsa, rufin gidajen ƙauyenmu kamar an watsa hatsi. Malam ya daɗe a tsaye yana haki.

"Wallahi yau ban ƙaryata ka ba," in ji shi. "Ashe da gaske kana da masarauta."

Amma tun daga ƙorama ta biyu na daina gane wurin. Inda na sani da manyan itatuwa an sare an yi gonar citta. Inda na sani da fili ya zama duhuwa. Ban gaya masa ba. Da azahar ta yi, ya tsaya a bakin wani rafi ya yi alwala, ya zaro 'yar dardumarsa daga jaka. Na ce masa ya yi sallarsa a natse ya ɗan huta, ni zan yi gaba in jira shi a sama, in na tarar da mararraba zan rufe masa. Gaskiyar ita ce so nake in lalubo hanya ba a kan idonsa ba.

Ban yi nisa ba na tarar da ita. Ta hagu mai faɗi ce, a share, tana ɗan gangarawa. Ta dama siririya ce, ciyawa ta cinye ta, tana hawa. Na zaɓi hagu. Na karya reshe na gitta a bakin ta dama, na wuce.

Na ɗan jima ina tafiya sai hanyar ta soma zubawa ƙasa sosai, na fara jin rugugin ruwa. Nan na tuna ta. Hanyar kwazazzabo ce, wadda mata ke bi da rani su ɗebo ruwa. Da damina iyayenmu ba sa barin kowa ya bi ta, don duwatsun suna yin gansakuka, santsinsu kamar an shafa sabulu. Na san abin da ya kamata in yi, har na juya. Sai na lissafa cewa Malam ya idar da salla yanzu, za mu yi kiciɓis a hanya, zai tambaye ni ina za ni, da yamma kuma zai ba Yaya labari a gaban matarsa. Sai na kutsa cikin daji ta hannun dama. Na ce wa kaina zan yanke in faɗa ɗaya hanyar, in gangaro mararraba kafin ya iso, in gyara reshen, ba wanda ya sani.

Sarƙaƙiya da ƙaya suka riƙe ni. Na daɗe ina fama kafin in fita. Da na iso mararraba, sai ga sawun takalmin Malam a kan taɓo, ya bi hagu, ya bi buɗaɗɗiya kamar yadda na koya masa.

Abin da na yi a nan shi ne wanda ban taɓa samun hujjarsa ba. Kafin in bi shi da gudu, na sunkuya na ɗauke reshen daga bakin ta dama, na gitta shi a bakin ta hagu. Ban ma san ya faɗi ba a lokacin. Tun kafin in san ko yana da rai, ina gyara wa kaina magana.

Wasu mata biyu da ke dawowa daga gonar citta suka riga ni jin kiransa. Na same shi a tsakanin duwatsu biyu, ruwa har ƙugu, ƙafar dama ta juye daga idon sawu, ƙashi a waje. Ɗaya matar ta ruga ƙauye, Yaya ya zo da maza huɗu, suka sari gora suka ɗaura makara suka ɗauko shi. Da muka zo mararraba, Yaya ya tsaya ya nuna reshen.

"Haba Malam, ga shi an rufe maka. Me ya kai ka?"

Malam ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya dube ni, ya mai da kansa ya kwantar.

"Ƙaddara ce, Yaya," in ji shi.

A asibiti a Kaduna ciwon ya ƙi warkewa saboda sugan. Wata biyu ana wankewa ana ɗaurewa, a ƙarshe suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ranar farko da aka kwantar da shi, a baranda, matarsa Hajiya ta tare ni idonta jawur.

"Baban Romi, yaya aka yi? Kai kaɗai ne za ka gaya mini gaskiya."

Na ce na rufe masa hanya da hannuna, ban san abin da ya sa ya tsallake reshen ba. Ta ce, "Halinsa ne. Ba ya jin magana, tun da nake da shi." Har godiya ta yi mini da na bi shi cikin kwazazzabo.

Keken ɗinki da ƙafa ake taka shi. Ya gwada da ta hagu, bayansa ya ƙi. Ya gwada na lantarki, wuta ba ta zama. Shagon ya koma hannun wani, Malam ya koma ƙofar gida a kan tabarma yana ɗinkin hula da allura, sandunansa a jingine da bango. Maganata kuma ta bi unguwa. A majalisarsu aka laƙaba masa Mai Tsallake Reshe. In Hajiya ta gaji da ɗawainiya, takan ce, "Da ka bi inda aka nuna maka, da yanzu kana shagonka." Na ji wannan da kunnena fiye da sau ɗaya, ina zaune da lemon da na kawo a leda. Shi kuwa sai ya ci gaba da zura allura.

Na rage zuwa. Daga duk mako na koma duk wata, daga nan sai da salla. Shi kuwa bai taɓa fashin bugo mini waya ranar Kirsimeti ba, kuma duk ranar da ya bugo ba na iya cin abinci. Har haushinsa na riƙa ji, kamar shi ya yi mini laifi. Bakin kogin da muke bi ma na daina zuwa.

Bikin babbar 'yarsa ne ya kai ni bango. Bayan ɗaurin aure muna zaune a rumfa da surukai, wani tsoho ɗan majalisarsu ya ce wa dangin ango, "Ku dai ku ja wa amarya kunne, kada ta gaji ubanta. In an rufe hanya, a bi ta buɗe." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, na ji muryata a cikin tasu. Malam yana murmushi yana gyara hularsa a gaban surukansa, a ranar da ya kamata a girmama shi.

Ranar Litinin da hantsi na rufe wurin katako na shiga bas zuwa Makera. Na same shi a kan tabarma. Ban iya doguwar gaisuwa ba, na zauna a ƙasa na gaya masa komai, tun daga ƙorama ta biyu.

Bai ajiye allurar ba. Ya ce, "Na sani."

Na ɗago kai na dube shi.

"Ƙafa na rasa, ba ido ba. Lokacin da na wuce, reshen yana dama. A hanya kuma na ga inda sawun kambas ɗinka ya shiga daji. Na zaci kama ruwa ka je yi, na ce bari in yi gaba ka same ni."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba, Malam?"

"In faɗa wa wa? Yayanka ya ga reshe da idonsa. In ce abokina na shekara talatin ya koma ya juya shi? A Makera? Ka san abin da za su ce a kan mutanenku gaba ɗaya, ba kai kaɗai ba." Ya ciji zare ya tofar. "Da farko don haka na yi shiru. Daga baya kuma jira nake in ga shekara nawa za ka kai. Huɗu ka kai."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba ni ka yi wa ƙarya ba, ni ina wurin. Ga wadda ka yi wa can a ciki."

Ya ƙwala mata kira. Hajiya ta fito tana goge hannu da gefen zani, da fara'arta.

"A'a, Baban Romi, yau kai ne da hantsi? Bari in kawo maka sauran cincin biki."

Na ce ta tsaya. Na durƙusa a gabansu su biyu, a bakin titi, masu wucewa suna kallo.

Na ce, "Hajiya, ƙarya na yi miki a asibiti. Malam bai tsallake reshe ba. Ni na rufe hanyar kirki na buɗe masa ta kwazazzabo, na gane kuskurena na ƙi komawa don kada a yi mini dariya, sannan na juya reshen don a ɗora masa. Duk faɗan da kika yi masa shekara huɗu, nawa ne. Ran Juma'a zan zo majalisarsu in faɗa da bakina, zan kuma je in gaya wa yayana. Ban zo don ku ce ba komai ba. Malam, na cuce ka, na cuci gidanka. Ku yi haƙuri. Ku gafarce ni in za ku iya."